BABI NA UKU: TASIRIN MAZHABAR SURIYALIZIM A KAN RUBUTACCIYAR WAƘAR FARISANCI TA ZAMANI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan tarihin rubutacciyar waƙar Farisanci tun daga zamanin Rudaki da Firdausi har zuwa ƙarshen ƙarni na 19. A wannan babi kuwa, za a duba yadda wata mazhabar adabi da ta tsiro a ƙasar Faransa, wadda ake kira Suriyalizim, ta yi tasiri a kan mawaƙan ƙasar Iran a ƙarni na 20. Za a fara da ma'anar mazhabar da asalinta, sannan a kawo hanyoyin da ta bi ta shiga Iran, da mawaƙan da suka karɓe ta, da kuma irin karɓar da kowannensu ya yi mata. Daga ƙarshe za a tattauna saɓanin da ke tsakanin manazarta: shin abin da ake gani a waɗannan waƙoƙi aro ne daga Turai, ko kuwa tsohon gado ne aka farfaɗo da shi?

3.1 Ma'ana da Asalin Suriyalizim

Kalmar Suriyalizim daga Faransanci take, ma'anarta kuma ita ce abin da ya zarce zahiri. Mawaƙin nan Guillaume Apollinaire ne ya ƙirƙiro ta a shekarar 1917. Amma wanda ya mayar da ita mazhaba mai mabiya shi ne Andre Breton, wanda ya fitar da takardar manufofinta ta farko a birnin Faris a shekarar 1924.

Abubuwa biyu ne suka haifar da mazhabar. Na farko shi ne Yaƙin Duniya na Ɗaya (1914 zuwa 1918). Matasan marubuta sun ga yadda ƙasashen da ke taƙama da ilimi da hankali suka karkashe junansu, sai suka yanke ƙauna daga hankalin. Wannan fushi ne ya haifar da ƙungiyar Dada a birnin Zurik na Suwizalan a 1916, kuma daga cikinta ne da yawa daga 'yan Suriyalizim suka fito. Na biyu shi ne ra'in Sigmund Freud game da mafarki da ɓoyayyen ɓangaren tunanin ɗan Adam. Breton ɗalibin likitanci ne, ya kuma yi aiki a asibitin masu taɓin hankali a lokacin yaƙin, inda ya fara sanin wannan ra'i.

Dangane da waƙa, mazhabar ta dogara a kan ginshiƙai uku. Akwai rubutun sakin hannu, wato mawaƙi ya riƙa zuba duk abin da ya faɗo masa a rai da sauri, ba tare da tacewa ko gyara ba. Breton da Philippe Soupault sun gwada wannan hanya a 1919, aka buga abin da suka rubuta a 1920. Akwai kuma ɗaukar mafarki a matsayin gaskiya mai daraja ɗaya da abin da ake gani a farke. Na uku shi ne sabon salon siffantawa. A tsohon salo, mawaƙi kan kamanta abu da abin da suka yi tarayya a wata siffa, kamar kamanta fuska da wata saboda haske. A Suriyalizim kuwa, ana haɗa abubuwa biyu masu nisa da juna, kuma gwargwadon nisan, gwargwadon ƙarfin hoton da zai faɗo wa mai karatu. Misalin da aka ƙirƙira domin bayani kawai shi ne a ce rijiya ta shiga kasuwa tana cigiyar takalminta. Babu wata siffa da ta haɗa rijiya da cigiya, sai dai irin haɗin da mai barci kan gani a mafarki. Breton ya ɗauko wannan tunani ne daga bayanin da Pierre Reverdy ya yi a 1918.

Ya kamata a lura cewa Breton bai ɗauki mazhabar a matsayin salon rubutu kaɗai ba. A wurinsa tawaye ce ga addini da iyali da hukuma, shi ya sa ma ya shiga jam'iyyar gurguzu ta Faransa a 1927. Wannan batu zai yi amfani a gaba, idan aka zo auna abin da mawaƙan Iran suka ɗauka da wanda suka bari.

3.2 Yanayin Waƙar Farisanci Kafin Zuwan Mazhabar

Rubutacciyar waƙar Farisanci ta yi kusan shekara dubu tana tafiya a kan arulin da aka aro daga Larabci, wato ma'aunin da rubutacciyar waƙar Hausa ita ma ta ginu a kansa. Firdausi ya tsara Shahnama a bahrin Mutaƙarib, Jalaluddin Rumi kuma ya tsara Masnawi a bahrin Ramal. Ɗangayen waƙa dole su yi daidai a tsawo, amsa-amo kuma yana da wurinsa da ba ya canzawa. Haka nan adon harshe ya zama sananne: fure shi ne masoyiya, tsuntsun bulbul shi ne masoyi mai kuka, giya kuma takan tsaya a madadin shauƙin Ubangiji.

Canji ya fara ne da buɗe makarantar Darul Funun a Tehran a 1851, inda Faransanci ya zama babban harshen waje da ake koyarwa, sai kuma juyin neman tsarin mulki na 1905 zuwa 1911, wanda ya shigo da jigogin siyasa cikin waƙa. Amma wanda ya taɓa zubi da tsarin waƙar kansa shi ne Ali Isfandiyari, wanda aka fi sani da Nima Yushij. Ya yi karatu a wata makarantar Faransawa a Tehran, ya fitar da doguwar waƙarsa Afsana a 1922. Daga ƙarshen shekarun 1930 ya daidaita tsarinsa: ya riƙe ƙafafun aruli, amma ya bar tsawon ɗango ya bi ma'ana, amsa-amo kuma ya zo inda ake buƙatarsa. Nima ya fi karkata ga salon alamtarwa, don haka ba a lissafa shi cikin 'yan Suriyalizim. Sai dai shi ne ya share fili, domin da wuya waƙar mafarki ta zauna a cikin baitin da aka riga aka yanka masa tsawo.

3.3 Hanyoyin da Mazhabar ta Bi ta Shiga Iran

Hanya ta farko ita ce ɗaliban da suka yi karatu a Turai. Fitacce daga cikinsu shi ne Sadik Hidayat (1903 zuwa 1951), wanda ya zauna a Beljiyam da Faransa daga 1926 zuwa 1930. Littafinsa na zube, Buf-e Kur, wato Makauniyar Mujiya, ya fara fitowa ne a birnin Bombai na Indiya a kwafi 50 kacal, bai samu fitowa a Iran ba sai 1941, bayan saukar Riza Shah daga mulki. A cikin littafin, mutane kan rikiɗe su koma junansu, lokaci kan juya baya, mai karatu kuma ba ya iya raba mafarki da farke. Da Roger Lescot ya fassara shi zuwa Faransanci a 1953, Breton da kansa ya yaba masa. Ko da yake littafin ba waƙa ba ne, mawaƙan da suka biyo baya sun koyi daga gare shi cewa Farisanci zai iya ɗaukar irin wannan hoto.

Hanya ta biyu ita ce fassara da mujallu. Tsakanin 1941 da 1953 an samu sassauci wajen buga littattafai, mujallu suka yawaita, ciki har da Sukhan wadda Farwiz Natil Khanlari ya kafa a 1943. A 1955 Riza Sayyid Husaini ya fitar da littafinsa a kan mazhabobin adabin Turai, wanda ɗalibai da yawa suka fara sanin Suriyalizim ta cikinsa. Masanin adabin nan Muhammad Riza Shafi'i Kadkani ya tafi a kan cewa fassara ce babban tushen sauyin da waƙar Farisanci ta samu a ƙarni na 20, kamar yadda ya bayyana a littafinsa Ba Cheragh wa Ayina, wato Da Fitila da Madubi.

Hanya ta uku ita ce mutane masu tsaya wa a tsakani. Misali shi ne Faridun Rahnama (1930 zuwa 1975), mawaƙi kuma mai shirya fim, wanda ya yi karatu a Faris, yana kuma rubuta waƙa da Faransanci. Shi ne ya riƙa ba matasan mawaƙan Tehran littattafan Paul Eluard da Louis Aragon da makamantansu.

Abin lura a nan shi ne jinkiri. A lokacin da mazhabar ta isa ga mawaƙan Iran sosai, ta riga ta yi kimanin shekara 25 a Faransa, mabiyanta na farko kuma sun watse. Saboda haka a gauraye ta iso, tare da Dada da alamtarwa da waƙar gwagwarmaya.

3.4 Hushang Irani da Ƙungiyar Zakaran Faɗa

A 1949 wani mai zane, Jalil Ziyapur, da abokansa suka kafa ƙungiya da mujalla mai suna Khurus Jangi, wato Zakaran Faɗa. Hukuma ta dakatar da mujallar bayan fitowa kaɗan. Da ta dawo a 1951, wani matashi mai suna Hushang Irani (1925 zuwa 1973) ya shigo, ya zama jigonta, Ziyapur kuwa ya janye. Irani lissafi ya karanta a Jami'ar Tehran, ya kuma zauna a Turai.

A wannan shekara ce Irani da Gulam Husain Garib da Hasan Shirwani suka sa hannu a takardar manufofi mai suna Sallakh-e Bulbul, wato Mahaucin Bulbul. Sunan kansa tsokana ne, domin kamar yadda aka ambata a sama, bulbul shi ne tambarin tsohuwar waƙar soyayya ta Hafiz da Sa'adi. Takardar ta yi watsi da tsoffin ƙa'idoji, ta kuma soki masu mayar da fasaha baiwar siyasa. A wannan shekara dai Irani ya fitar da diwaninsa na farko, Banafsh-e Tond bar Khakestari, wato Shunayya Mai Ƙarfi a kan Ruwan Toka.

Abubuwa uku ne suka bambanta waƙar Irani. Ya yar da aruli da amsa-amo gaba ɗaya, abin da Nima bai yi ba. Ya riƙa sa sautuka marasa ma'ana a ƙamus, yana neman kunne ya ji abin da kalma ta kasa faɗa, wanda hakan ya fi kusa da aikin 'yan Dada. Sannan ya riƙa cuɗa gaɓoɓin ji, ya ba sauti launi. A wata waƙa ya siffanta ihu da launin shunayya, wannan siffantawa kuwa ta zama abin ba'a a jaridun Tehran, har ta koma laƙabin da ake yi wa duk waƙar zamani da aka kasa fahimta. Masu riƙo da tsohon tsari sun ce ya ci mutuncin harshe, masu ra'ayin gurguzu sun ce ya juya wa talaka baya, mabiya Nima ma ba su tsaya masa ba. Irani ya fitar da diwani huɗu cikin kimanin shekara biyar, waƙoƙinsa na baya suka karkata ga sufanci da tunanin addinan Indiya, daga nan ya daina bugawa.

Idan aka auna da ginshiƙan da aka kawo a 3.1, Irani ne ya fi kowa kusa da ainihin mazhabar, domin shi kaɗai ne ya haɗa ƙungiya da takardar manufofi da tawaye ga ma'ana. Shi ne kuma wanda jama'a suka fi ƙi. Wannan ya zama darasi ga waɗanda suka biyo bayansa.

3.5 Tasirin Mazhabar a Waƙoƙin Shamlu da Sepehri

Ahmad Shamlu (1925 zuwa 2000) ya fara a matsayin almajirin Nima, sannan ya bar aruli ya kafa abin da ake kira farar waƙa. Ta hannun Rahnama ya san waƙoƙin Eluard da Aragon, ya kuma fassara waƙoƙin Eluard da na Federico Garcia Lorca na ƙasar Sifen. Sai dai Eluard ɗin da Shamlu ya fi ƙauna shi ne wanda ya riga ya raba gari da Breton a 1938, ya koma waƙar soyayya da gwagwarmaya a lokacin da Jamus ta mamaye Faransa. Saboda haka a diwanin Hawa-ye Taza na 1957 da Aida dar Ayina na 1964, ana samun hotuna masu ban mamaki, amma kowanne yana yi wa wani jigo aiki, ko soyayya ko 'yanci. Kiɗan harshensa kuma daga tsohon zuben Farisanci ya ɗebo shi, musamman Tarihin Baihaƙi na ƙarni na 11.

Akwai dalilin siyasa da ya ƙarfafa wannan salo. Bayan juyin mulkin da ya kifar da gwamnatin Muhammad Musaddik a watan Agusta na 1953, da kafa hukumar leƙen asiri ta SAVAK a 1957, faɗar magana a fili ta zama haɗari. Hoton da ba ya karɓar fassara ɗaya tak ya zama mafaka ga mawaƙi, domin mai tace littattafai ba shi da abin kamawa, mai karatu kuwa ya san inda aka dosa. Ke nan abin da Faransawa suka ƙirƙira domin 'yantar da ɓoyayyen tunani, a Iran ya yi aikin zaurance.

Suhrab Sepehri (1928 zuwa 1980), mutumin Kashan, mawaƙi ne kuma mai zane, ya kuma yi hulɗa da ƙungiyar Zakaran Faɗa a ƙuruciyarsa. Diwaninsa na biyu, wanda ya fito a 1953, sunansa Zendegi-ye Khabha, wato Rayuwar Mafarkai, kuma manazarta sun daɗe da nuna sawun Irani a cikinsa. Daga baya Sepehri ya yi tafiye-tafiye zuwa Japan da Indiya, salonsa ya sauƙaƙa, ya dawo ga aruli mai laushi a doguwar waƙarsa ta 1965, Seda-ye Pa-ye Ab, wato Sautin Takun Ruwa. Bai bar cuɗa gaɓoɓin ji da mutuntar da abubuwa marasa rai ba, amma ya cire musu firgici ya sa musu natsuwa. Abin da aka yi wa Irani dariya a kansa, shi ne aka yaba wa Sepehri da ya zo da shi a tausashe.

3.6 Sabuwar Igiya da Waƙar Hajm

A 1962 Ahmad Riza Ahmadi (1940 zuwa 2023) ya fitar da diwaninsa na farko mai suna Tarh, yana ɗan shekara 22. Daga nan aka samu tafiyar da ake kira Mauj-e Nau, wato Sabuwar Igiya, sunan da aka aro daga sabon salon finafinan Faransa na lokacin. Waƙar Ahmadi harshenta mai sauƙi ne kamar zube, amma jimla kan tsallaka daga wannan hoto zuwa wancan ba tare da gada ba, tamkar labarin da yaro ke bayarwa na mafarkinsa. Mawaƙan wannan tafiya sun ƙi yarda a ɗora wa waƙa nauyin siyasa, abin da ya jawo musu suka mai zafi daga masu waƙar gwagwarmaya.

Daga cikin wannan tafiya aka samu rassa. Bijan Ilahi (1945 zuwa 2010) ya jagoranci reshen da ake kira Wata Waƙar Daban, ya fassara Arthur Rimbaud da Henri Michaux daga Faransanci, ya kuma fassara waƙoƙin Hallaj daga Larabci. Yadullah Ru'yayi (1932 zuwa 2022) kuwa shi da abokansa suka rubuta takardar manufofin Waƙar Hajm a 1969. Kalmar hajm tana nufin girman abu ta fuskar tsawo da faɗi da zurfi. A ra'ayin Ru'yayi, mawaƙi kan yi tsalle daga abin da ake gani zuwa abin da ke bayansa, ya share matakan da ya taka, ya bar wa mai karatu ya gano su. Muhimmin abu shi ne takardar ta raba kanta da Suriyalizim a fili. Tsallen Ru'yayi da sani ake yin sa, kuma ana gyara shi, saɓanin rubutun sakin hannu.

3.7 Aro ne ko Gado?

Manazarta sun kasu biyu. Kashi na farko suna ganin aro ne, hujjarsu kuwa tarihi: salon bai bayyana ba sai bayan fassara da dawowar ɗalibai daga Faransa, kuma hatta al'adar fitar da takardar manufofi daga can aka gano ta. Wasu daga cikinsu ma na ganin aron ya yi ɓarna. Shafi'i Kadkani ya yi wa wani nau'in waƙar zamani laƙabi da waƙar jadawali, yana nufin ana iya jera kalmomi a jadawali a haɗa su barkatai a samu irin waɗannan hotuna, ba tare da mawaƙi ya ji komai a ransa ba.

Kashi na biyu suna nuni da abubuwan da ke cikin adabin Farisa tun da daɗewa. Akwai shaɗahat na sufaye irin su Bayazid Bistami da Hallaj, wato maganganun da ke fita a halin shauƙi waɗanda zahirinsu ya saɓa wa hankali. Akwai gazal ɗin Rumi a Diwan Shams, inda akan tarar da sautukan kiɗa a madadin kalmomi. Akwai kuma Salon Indiya na ƙarni na 17 da farkon na 18, musamman waƙoƙin Bidil wanda ya rasu a 1720, masu cike da siffantawa mai nisa da cuɗa gaɓoɓin ji. Mawaƙin Larabcin nan Adonis ya rubuta littafi a 1992 yana kwatanta sufanci da Suriyalizim ta wannan fuska.

Wannan bincike yana ganin kamannin gaskiya ne, amma manufa ta bambanta. Sufi yana barin hankali ne domin ya isa ga Ubangiji, Breton kuwa bai yarda da addini ba, abin da yake nema yana cikin ƙwaƙwalwar mutum. Saboda haka kiran Rumi ɗan Suriyalizim kuskure ne. Abin da za a iya tabbatarwa shi ne mazhabar ta sa mawaƙan Iran sun waiwayi wani sashe na gadonsu da aka jingine, domin tun ƙarni na 18 masana adabin Iran suka mayar da Salon Indiya abin raini. Hujja a nan ita ce inda mawaƙan suka ƙare. Irani ya ƙare a sufanci, Sepehri ma haka, Ilahi ya koma ga Hallaj, Ru'yayi kuma ya riƙa ɗebo daga zuben sufaye. Duk sun fara da littattafan Faris, suka ƙare da na gida.

3.8 Kammalawa

A wannan babi an nuna cewa Suriyalizim ta shiga Iran a makare kuma a gauraye, ta hanyar ɗalibai da fassara da mujallu. An ga cewa daga ginshiƙanta uku, mawaƙan Farisanci sun karɓi biyu, wato hoton da ke haɗa abubuwa masu nisa da kuma yanayin mafarki, amma rubutun sakin hannu bai samu gindin zama ba, haka ma tawayen mazhabar ga addini. Dalili shi ne al'ummar da ta yi shekara dubu tana ɗaukar waƙa a matsayin sana'a mai ƙa'ida ba ta karɓi waƙar da ba a tace ba, kamar yadda abin da ya sami Hushang Irani ya nuna. Tasirin da ya ɗore shi ne wanda ya bi ta hannun Shamlu da Sepehri da Ahmadi da Ru'yayi, waɗanda kowannensu ya sarrafa abin da ya aro ya dace da buƙatarsa. A babi na gaba za a ɗauki diwanin Hushang Irani na farko da na Suhrab Sepehri na biyu, a yi nazarin salo da sarrafa harshensu, domin a ga yadda wannan tasiri ya bayyana a aikace.